Halti Mubarka, Ungozomar da Littafi Ya Yi wa Ƙazafi

Daga Allah muka fito, gare shi kuma za a mayar da mu. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1978, da hantsi, Allah ya karɓi ran Halti Mubarka 'yar Sahrawi, ungozomar ƙauyenmu na Ain Zarga, wadda kowa ke kira Halti, wato inna, bayan jinyar da ta kwantar da ita tun farkon sanyi. An kai ta makwancinta bayan la'asar. Ba wanda ya san shekarunta, ita ma ba ta sani ba. In an tambaye ta sai ta ce a shekarar fara aka haife ta, wanda ya damu ya je ya tambayi farar.

Halti, ni ce Zubida matar Si Jilali, wadda kike kira 'yar boko. Ban saba rubuta wa mamaci takarda ba, kuma na san addu'a ta fi miki amfani. Amma kin bar duniya kina tsoron wani rubutu da aka yi a kanki, kin ɗauki wannan tsoro shekara ashirin da ɗoriya, kuma ni ce na fara karanta miki shi da bakina. Shi ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Duk wanda aka haifa a wannan ƙauye kafin a gina asibiti, a hannunki ya faɗo. 'Ya'yana huɗu suna cikinsu. Ba ki taɓa tambayar abin da za a ba ki ba kafin ki ɗaura mayafi. Gidan da ba su da komai, ke ce kike zuwa musu da garin tamina, wato tsakin alkama, a ƙulle a gefen zane, ki soya shi da man shanu da zuma don mai jego ta samu ƙarfi, sannan ki ce wai wata maƙwabciya ce ta aiko. Kowa ya san ba wata maƙwabciya. Bakinki kuwa ba ya raga wa kowa. Ranar haihuwata ta fari, da ciwo ya kai mini karo, ashe da Faransanci nake ihu, harshen makaranta. Kika dube ni kika ce, "'Yar boko, yi kukanki da Larabci mana, in ji abin da ke damun ki. Wannan yaren ai ko yaron ba zai gane hanyar fitowa ba." Ina dariya ina kuka har Allah ya sauke ni. Maza kuma tsoron ki suke yi. Na ga kin kori wani magidanci da muciya saboda ya tura matarsa ɗiban ruwa kwana kaɗan da haihuwa. 'Yan matan yanzu da ke wuce tsofaffi a hanya ba gaisuwa, su sani cewa iyayensu da yawa da ba su rayu ba in ba don Allah ya sa hannun wannan tsohuwa a kusa ba.

Madam Odil Kazal maƙwabciyarmu ce, in dai ana kiran wanda ke bayan shingen waya maƙwabci. Gonar alkamar mijinta ta taso tun daga bakin rijiyarmu har inda ido ya gaji, kuma a cikinta mazanmu suke aiki, har da ɗanki Bulanwar. Zan faɗi gaskiya a kanta, domin ba na son in yi mata abin da ta yi miki. Tana ɗiga wa yaranmu maganin ciwon ido ta ƙofar kicin. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Ta binne jarirai biyu a ƙarƙashin itatuwan bayan gidanta, kuma duk macen da ta binne ɗa ta san abin da wannan ke yi wa zuciya. Da yamma muna hango ta a bakin taga tana rubutu. Mun ɗauka wa danginta na Faransa take rubutawa. Ba mu san mu take rubutawa ba.

A sanyin farkon 1954 ne naƙudarta ta uku ta tashi. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar birnin Tiyaret, likita ba shi da ta inda zai biyo. Mijinta da kansa ya zo ƙofar gidanki da rana tsaka, hula a hannu, mutumin da bai taɓa taka cikin ƙauyen nan da ƙafa ba. Kika bi shi. Yaron ta ƙafa ya zo, cibiya a naɗe a wuyansa, ya fito shuɗi ba numfashi. Kika hura masa a baki, kika murza shi da man zaitun har ya tsala kuka. Marsel suka sa masa.

Sannan kika yi abin da kike yi wa kowane jariri. Kika ciro ƙaramar wuƙarki mai ƙotar ƙaho, kika haɗa ta da ƙullin gishiri, kika cusa ƙarƙashin katifar yaron wajen kansa. Kin ji labarin biyun da suka mutu, kin tabbata Tab'a ce ke bin matar nan, aljanar da ke bin mace tana ɗauke mata 'ya'ya. Ƙarfe take tsoro. Kuma ba a ambaton sunanta inda jariri yake, ba a nuna wuƙar, ba a yin zancenta. Kowace mai jego a cikinmu ta san za ta tarar da wuƙar, ta san kuma za ta mayar wa ungozoma kayanta ranar suna, da ɗan abin alheri a kai. Ni yanzu ban yarda da wannan ba, na sha gaya miki. Camfi ne, Ayatul Kursiyyu ta ishi jariri tsari. Amma niyya ake dubawa, kuma taki niyyar kowa ya san ta. Wuƙar da kike yanke cibiya da ita ce kika bar wa ɗan Nasara, kika koma gida hannu wofi.

Madam ta tarar da wuƙar tana gyara shimfiɗa. Ba ta da uwa a ƙasar nan, ba ta da suruka, ba ta da ƙawa a cikinmu da za ta tambaya, bayan shekarun da ta yi muna shaƙar iska ɗaya. Tambaya guda ga mai yi mata wanki da ta kashe maganar. Ba ta tambaya ba. Ta aiko miki da sukari da gahawa da yadi, ta riƙe wuƙar, ta sa aka rufe ƙofar shinge. Ke kuma kika ci gaba da zuwa kamar yadda ungozoma ke zagaya ɗan da ta karɓa har ya yi arba'in. Ba a buɗe miki, sai ki tsaya a bakin waya ki leƙa ko za ki hango shi, ki juyo. Kika ce mana Turawa ba su da tarbiyya, an ci wuƙarki an hana ki ganin ɗanki. Muka yi dariya, magana ta wuce.

Kafin shekarar ta ƙare yaƙin neman 'yanci daga Faransa ya tashi a duwatsu, sannu a hankali ya gangaro mana. A bazarar 1956 Si Jilali, wanda ke aikin akawu a rumbunan hatsi na Tiyaret, ya shigo gida da wani littafi a ɓoye cikin rigarsa. Ya ce duk Turawan gari shi suke karantawa, matar Kazal ce ta rubuta. Bai ci abinci ba ranar. Ya ce in karanta, in na gama in san yadda zan gaya miki.

Matar ta iya rubutu, wannan ba a ƙwace mata ba. Ta kwatanta alkama idan iska ta kwantar da ita, da shamuwa a kan rufin coci, da hasken safiya, har sai da na ji kamar ban taɓa ganin garinmu ba. Kowane kare na gidan yana da suna a littafin, dokin mijinta ma haka. Mu kuwa inuwoyi ne naɗe da farin mayafi, masu warin hayaƙi, masu idanun da ba a san abin da ke bayansu ba. Kowace mace Fatma ce. Wani wuri ta ce muna ba ta tausayi kamar yara, wani wuri ta ce shirunmu yana hana ta barci. Mace ɗaya tak ta kira da sunanta na gaskiya, da sunan ƙauyenta. Ke ce. Ta rubuta cewa tsohuwa Mubarka ta ɓoye wuƙa a gadon ɗanta don ta dawo ta yanka shi, Allah ya tona asirinta, kuma bayan haka ta yi ta zuwa bakin shinge tana tsayawa shiru tana kallon tagar yaron kamar kura.

Washegari na same ki a tsakar gida kina murza kuskus. Ina da tsohon ciki a lokacin. Na fara da wuraren da ba su da zafi, ina juya miki su da Larabci. Da na zo inda ta ce fuskarki kamar busasshen ɓaure, kika kwashe da dariya kika ce, "Ita fa? Tata kamar kullun da aka manta ba a sa masa yisti ba." Na ci gaba. Hannunki ya tsaya a cikin akushi. Da na kai ƙarshe kika ce in nuna miki sunan. Na ɗora yatsanki a kai. Kika daɗe kina kallon baƙaƙen, sannan kika ce in ɗauko reza in kankare. Na ce miki, Halti, irin wannan littafin dubbai ne, yana birnin Aljir, yana birnin Wahran, ya ƙetare teku. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Kika ce, "To duk a cikinsu ina tsaye a bakin shingen?" Na ce e.

Wanda bai ga waɗancan watanni ba ba zai gane ba. A lokacin ana ɗauke mutum saboda an gan shi da burodi fiye da na gidansa. Ga shi ke an buga sunanki da wuƙa a hannu. Aka sallami Bulanwar daga gonar ba bayani. Kika koma kwana da takalmi a ƙafa da riguna biyu a jiki, wai kada su zo su tafi da ke cikin sanyi. In mota ta yi ƙara a hanya sai ki dafa bango. Wasu gidaje suka daina kiran ki haihuwa don kada a ga kin shiga wurinsu, kuma Allah yana ganin su, sun san kansu. Ni kuwa ke kika karɓi haihuwar 'yata Huriya.

Huriya ba ta yi arba'in ba aka kashe wasu Turawa a wata gona can yamma da mu, miji da mata da yaro. Da wuƙa. Kwana kaɗan bayan haka, da safe mata suna gasa burodi, motocin soja suka zagaye ƙauyen. Suka tara maza a bakin rijiya, hannuwa a ka. Gida ɗaya suka nema da suna. Da suka fito da ke, hafsansu ya tambaya ko akwai mai jin Faransanci, domin tafintansu bai zo ba. Si Jilali yana Tiyaret. Na ɗauki jaririyata a naɗe cikin zanen ɗaurinta na bi ku.

A farfajiyar gidan Kazal suka kafa tebur, don sojojin sun mayar da rumbunan gonar sansaninsu. Hafsan yaro ne, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Littafin yana gabansa an lanƙwasa shafin, wuƙarki mai ƙotar ƙaho tana gefe. Ya tambaya ko taki ce, kika ce taki ce. Ya tambaya ko ke kika sa ta a gadon yaron, kika ce ke ce. Ya ce don me?

Kika dubi Huriya a hannuna.

Na ce miki a hankali, Halti, don girman Allah faɗa masa. Kika ce, "Ke mahaukaciya ce? In kira sunanta ga jinjira ko arba'in ba ta yi ba? Su yi abin da za su yi." Hafsan ya ga kin ƙi magana, ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ɗaga wa sojoji biyu hannu. Sai na yi masa bayani da kaina, da Faransancin makaranta da ke ta kakkarye mini a baki. Ya yi murmushi. Ya ce kowane ɗayanmu yana da tatsuniya in an kama shi, shi kuwa abin da ke rubuce yake bi, kuma matar da ta rubuta mai ilimi ce.

Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na durƙusa na kwantar da Huriya a ƙasa na fara kwance ɗaurinta. Na ji ƙarar bindigogi ana ɗana su a kaina. Wani soja ya daka mini tsawa. Ban ɗago ba, don na san in na ɗago ba zan iya ci gaba ba. A cikin ninkin zanen, wajen kanta, ga 'yar wuƙar kicin ɗina da ƙullin gishiri. Ban taɓa ta ba, na janye hannuna na bar su su gani. Yarinyar tana ta kuka tsirara a cikin iska. Hafsan ya tambaya wa ya sa. Na nuna ki. Ya tambaya ko da sanina. Na ce ni na miƙa miki wuƙar, kuma ya aika kowane gida mai jariri a ƙauyen nan ya duba.

Ya aika aka kira Madam. Ta fito ta tsaya a kan matakala, yaron yana riƙe da gefen rigarta, ya yi ƙiba, yana tafiya da ƙafarsa. Ta dubi jaririyata, ta dubi wuƙar, ta dubi wadda ke kan tebur. Na ga ta gane, wallahi na gani. Ta ce a lokacin zazzaɓin jego take yi, ba ta da tabbas. Hafsan ya buga yatsa a kan shafin ya ce, Madam, ai ke kika rubuta. Sai ta ce, "Littafi ne kawai."

Kika taɓa ni kika ce in tambaye ta ko yaron ya gama haƙora, ko yana tari da sanyi, don irin waɗanda suka zo da cibiya a wuya ƙirjinsu ba ya ƙwari. Na tambaye ta. Ta ɗauki ɗanta ta shige ciki.

Duk da haka sai da suka riƙe ki kwanaki a rumbun. Kin dawo kunnenki na hagu ba ya ji, kuma ba ki taɓa gaya wa kowa abin da ya faru a can ba. Ni ma ban tambaya ba.

Littafi ne kawai. Na yi shekaru ina juya wannan magana. Ku 'ya'yana, da duk yarinyar da Allah ya ba alƙalami yanzu da makarantu suka buɗe, ku ji ni da kyau. Wanda ya yi maka ƙazafi da baki, gobe kana iya tare shi a gaban mutane ya janye. Wanda ya rubuta ya tafi abinsa, ƙazafin yana nan yana aiki ko shi ya yi nadama, ko ya mutu. Kada wadda ta rubuta maƙwabcinta alhali ba ta taɓa zama a tabarmarsa ta tambaye shi ba. Matar nan tsoro ne ya cika ta, na yarda, amma tsoronta ta ɗauka ta sa masa sunan baiwar Allah ta aika duniya.

Iyalan Kazal sun tafi a 1962 tare da sauran Turawa. Bara waccan Huriya, da ke karatu a jami'a a Wahran, ta tarar da littafin a ɗakin karatu, an yi masa sabon bango, ɗalibai suna ara. Kusa da shi akwai na biyu, wanda Madam ta rubuta a Faransa tana begen gonarta. A cikinsa duk mun zama mutanen kirki masu kuka ranar da za ta tafi. Har ta ba da labarin wata amintacciyar Fatma da ta ceci ɗanta ranar ƙanƙara. Fatma, ba suna, ba ƙauye. Alherin ta ba wa wadda babu ita, sharrin ta bar shi a kan Mubarka ta Ain Zarga. Wannan ban gaya miki ba, na hana Huriya ma ta faɗa.

Ƙasa ta samu 'yanci, ke ba ki samu ba. Ko takardar rigakafi aka kawo ƙauye sai kin aiko a kira ni in duba ko da sunanki. A makon ƙarshe na jinyarki na zo da safe na tarar an jingina ki da bango kina shan hantsi. Kika kori jikokinki, kika jawo ni ta wajen kunnen da ke ji. Kika ce liman ya ce ranar tsayuwa za a buɗe littattafai, kowa a karanta masa abin da aka rubuta a kansa. Kika ce, "Zubida, nata ma za a buɗe?"

Na yi miki faɗa, Allah ya yafe mini tsawar da na yi wa mara lafiya. Na ce wannan jahilci ne, mala'ikun da ke kafaɗunki ba sa kwafa daga wurin matar Kazal, suna nan a ɗakin ranar ƙanƙara, sun ga abin da hannunki ya yi. Kika ce kin sani, amma abin da aka rubuta ai ya rubutu, kuma ke ba ki iya karatu ba balle ki ce ba haka ba ne. Sai na ce to ni ma zan rubuta. Kika harare ni kika ce, "Ke? Da wannan rubutun naki kamar kaza ta bi ta kan toka?" Can kuma kika ce, "Ki sa sunana daidai. Ki sa na ubana."

Ga shi na sa, Halti. Ban sani ba ko tsoron ya sake ki kafin ranki ya fita, waɗanda ke wurin sun ce da kalmar shahada kika cika. Ni nawa tsoron yana nan. 'Yan shafukan nan ƙalilan ne, nata kuwa yana kan kanta a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, kuma wani yaro zai buɗe shi bayan duk mun mutu ya gan ki tsaye a bakin shinge. Don haka duk wanda ya faɗo a hannun matar nan, ya kwafi wannan da hannunsa ya ajiye wa 'ya'yansa. Ba roƙo nake yi ba, hakki ne a kanku.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta Si Bulanwar da matarsa Lalla Zana da 'ya'yansu, da dangin Sahrawi na nan da na Tiyaret, da matan Ain Zarga baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku gaji halinta.

Ya Allah, baiwarka Mubarka 'yar Sahrawi ta zo gare ka a tsorace. Ka amintar da ita. Ka gafarta mata abin da ta yi cikin rashin sani, ka yalwata kabarinta, ka sanya haske a cikinsa, ka saka mata da kowane numfashin farko da aka ja a tafin hannunta. Ranar da za a buɗe littattafai, ka miƙa mata nata a hannun dama, ka buɗe mata ido ta karanta shi da kanta. Amin.